Yadda Ake Tantance Ƙaramin Taragon Kaya Na Haɗa-da-Kanka, Daga Kwali Zuwa Kan Dogo

Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur, sun fi yawa a Amurka da Ingila da Jamus da Japan. Cikin kayan da ake sayar musu akwai taragon kaya da ke zuwa a wargaje cikin kwali: gangar jiki daban, ƙasan tarago daban, tayoyi, ƙugiyoyin haɗa tarago da tarago, tsani, kayan birki, kai ne za ka harhaɗa. Shi suke kira kit.

Tambaya biyu ake yi wa kowane kit, kuma sabon shiga yakan cakuɗa su. Ta farko: an ƙera shi da kyau, sassan suna shiga juna, zai bi dogo ba tare da ya goce ba? Wannan inganci ke nan. Ta biyu: akwai wani tarago na gaske da ya taɓa zama haka, da wannan rufin, da wannan ƙofar, da wannan lambar, a shekarar da aka rubuta a jikinsa? Wannan kuma daidaito. Kusan duk matsalar inganci tana gyaruwa a kan tebur da kuɗi kaɗan. Amma idan gangar jikin ce ba ta dace da taragon gaske ba, babu sukurun da zai gyara ta. Saboda haka daidaito ake fara bincikawa tun kafin a biya kuɗi, inganci kuwa sai an buɗe kwali. Zan bi wannan tsarin, kuma misalaina daga taragun Amurka ne a ma'aunin HO, domin nan kit ya fi yawa, ƙa'idojinsa kuma a rubuce suke.

Mataki na 1: Ka san ma'auninka

HO na nufin an rage komai sau 87. Ƙafa ɗaya ta taragon gaske milimita 3.5 ce a hannunka, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo kuma milimita 16.5. N ya fi ƙanƙanta, sau 160, a kan dogo mai milimita 9. O na Amurka sau 48 ne. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne OO na Ingila: dogonsa ɗaya da na HO, amma gangar jikin an rage ta sau 76 ne kawai. Zai hau dogonka lafiya lau, sai dai in ka jera shi da taragon HO za ka ga ya yi masa girma. Ka karanta gefen kwali tukuna.

Wanda ke son ya kwaikwayi taragun da suka riƙa kwasar gyaɗa daga Kano zuwa Ikko yana da ƙarin lissafi. Tsohon layin dogon Najeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 irin na Amurka ko na sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba. Idan aka raba 1,067 da 87 za a samu 12 da ɗan ɗoriya, shi ya sa masu kwaikwayon irin wannan layin a HO suke amfani da dogo mai milimita 12. Shafa wa taragon Amurka fenti a rubuta masa sunan hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ba zai mai da shi na Najeriya ba.

Mataki na 2: Ka tsayar da shekara, ka nemo hoto

Ba a cewa tarago daidai yake ko ba daidai ba sai an ce a wace shekara. Ka zaɓi zamani: 1943, ko 1955, ko 1978. Daga nan ka nemo hoton taragon gaske na kamfanin da aka rubuta a jikin kit ɗin, in so samu ne mai lamba kusa da tasa. Ƙungiyoyin adana tarihin manyan kamfanonin jirgi, irin su Pennsylvania da Santa Fe, suna da taskokin hotuna. Ga masu son zamanin yaƙin duniya na biyu, hotuna masu launi da Jack Delano ya ɗauka a tashoshin kaya na yankin Chicago a 1942 da 1943 suna ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ana kallonsu kyauta a intanet.

Abu na biyu shi ne kundin rajistar taragu mai suna Official Railway Equipment Register, wanda aka riƙa fitarwa sau huɗu a shekara. A ciki kowane kamfani yana jera lambobin taragunsa rukuni-rukuni, tare da tsawo da faɗi da tsayin ciki da faɗin ƙofa. Idan lambar da ke jikin kit ɗinka ta faɗa cikin rukunin taragun kwal alhali shi tarago mai rufi ne, ka gama samun amsa.

Mataki na 3: Ka gwada gangar jiki da hoton, sashe-sashe

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka daɗe. Ga wanda bai saba ba, duk tarago mai rufi mai tsawon ƙafa 40 iri ɗaya ne: jan akwati mai ƙofa a tsakiya. Ba haka ba ne.

Fara da tsayi. Taragon X29 na kamfanin Pennsylvania, wanda aka soma ƙerawa a 1924, gajere ne, a cikin jerin jirgi ana ganin rufinsa ya yi ƙasa da na maƙwabtansa. Tsarin da ƙungiyar kamfanonin jirgi ta AAR ta fitar a 1937 yana da tsayin ciki ƙafa 10 da tsawon ciki ƙafa 40 da inci 6. Waɗanda suka biyo baya sun kai ƙafa 10 da inci 6. Rabin ƙafa a HO bai kai milimita 2 ba, amma ido yana kama shi da zarar an jera taragu. Ka sa rula: tsawon ciki na ƙafa 40 da rabi ya kamata ya ba ka kimanin milimita 142, ka ƙara kaurin bango.

Sai goshi da ƙeya, wato bangayen gaba da baya. Ana matse su da ƙarfe mai tudu-tudu don ƙarfi, kuma adadin tudun shaida ne. Tsarin 1937 ya fi zuwa da tudu 4 a sama, 5 a ƙasa. Mai tsayin da ya biyo shi, 5 da 5. Bayan yaƙi aka koma wani sabon zubi mai 4 da 4. Taragon PS-1 na kamfanin Pullman-Standard, wanda ya fito a 1947, yana da nasa goshin da nasa rufin da ba su yi kama da na kowa ba, kuma bangayensa walda aka yi musu. Idan ka ga layukan kan ƙusa a gefen abin da aka ce PS-1 ne na yau da kullum, ka tsaya ka sake duba hoto.

Sai ƙofa. Ta Youngstown tana da ƙananan tudu a jere daga sama har ƙasa, ta Superior kuwa manyan faifai ne shafaffu da 'yan sanduna tsakaninsu. Ka auna faɗinta: ƙafa 6, 7 ko 8, wato milimita 21, 24.5 ko 28. Ka ƙirga faifan gefe daga ƙofa zuwa kusurwa. Ka dubi rufi, ko zanen faifansa a miƙe yake ko a karkace.

Sai ka kifar da shi. Tsohon birkin K yawanci dunƙule ɗaya ne, tankin iska da silinda a haɗe. Birkin AB kashi uku ne a rarrabe: tanki, silinda, da bawul. Daga 1933 sababbin taragu suka fara fitowa da AB, kuma a farkon shekarun 1950 aka hana mai birkin K fita daga layin kamfaninsa zuwa na wasu. Haka tsohon bogi na sandunan ƙarfe da aka ɗaure da noti, an hana shi wannan zirga-zirgar tun wajajen 1940. Bogi shi ne keken nan mai tayoyi huɗu da ke juyawa a ƙarƙashin kowane ƙarshen tarago. Katakon tafiya na saman rufi, wanda ma'aikatan birki suke bi, daga 1966 aka daina sa wa sababbin taragu. Tambarin nan mai layuka masu launi da na'ura ke karantawa a gefen tarago ya yi zamaninsa ne daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Duk wanda ya riƙe waɗannan 'yan shekarun a ka, kallo ɗaya zai yi wa kit ya san ko kayan jikinsa sun yi zamani ɗaya.

Abin da ke jawo yawancin rashin daidaito ba jahilcin masu ƙira ba ne, kuɗi ne. Sassaƙa mazubin ƙarfe da ake zuba roba a ciki yana da tsada ƙwarai, don haka kamfani yakan yi gangar jiki ɗaya ya buga mata sunayen kamfanonin jirgi iri-iri, har da waɗanda ba su taɓa mallakar irin wannan taragon ba. Fentin zai yi kyau, rubutun zai fito tsaf, amma taragon bai taɓa wanzuwa ba. Ni a ganina ba laifi ba ne mutum ya sayi irin wannan idan ya san abin da ya saya. Abin haushi shi ne ka biya kuɗin na gaske a ba ka na ƙage.

Mataki na 4: Ka karanta ƙananan rubutu

Ka sa gilashin ƙara girma. Haruffan da ke saman lamba su ne alamar mai tarago. Idan sun ƙare da X, na kamfani ne mai zaman kansa, ba na kamfanin jirgi ba. BLT na nuna wata da shekarar ƙira. NEW na nufin nauyin da aka rubuta na ranar fitowa ne. Bayan 'yan shekaru akan sake auna tarago a goge wannan a rubuta alamar tasha da sabon kwanan wata. Tarago mai NEW na 1941 a cikin jirgin 1958 bai yi daidai ba, sai ka canza masa da ɗan rubutun mannawa.

Akwai wani gwaji mai daɗi. LT WT nauyin tarago ne babu kaya, LD LMT kuma iyakar kayan da zai ɗauka. Idan ka haɗa su yawanci sukan ba da adadi tsayayye da ya dogara ga girman gatarin tayoyi. Ga tarago mai tan 50, laba 169,000 ne kafin 1963, daga baya 177,000. Mai tan 70, laba 210,000, daga baya 220,000. Kamfanin da ya kwafi rubutunsa daga hoton gaske, lissafinsa zai fita. Wanda ya ƙirƙira, nan asirinsa ke tonuwa.

Mataki na 5: Ka zaɓi irin kit ɗin da hannunka zai iya

Kashi uku ne. Akwai masu sauƙi, waɗanda ma'abota harkar ke yi wa ba'a cewa girgiza kwalin kawai za ka yi su haɗu. Shahararrunsu su ne na kamfanin Athearn masu shuɗin kwali, waɗanda aka daina yi a 2009 amma har yanzu suna cike da kasuwar kayan hannu. Accurail da Bowser ma sun yi suna a wannan layin. Tsani da mariƙai a jikin bango aka zuba su, sassan ba su da yawa, rabin awa ta isa. Suna da juriya, yaro ma zai iya ɗauka.

Na biyu su ne masu sassa daban-daban na roba, irin na Tichy da InterMountain da Red Caboose da Proto 2000. Kowane tsani, kowane mariƙi, kowane bututun birki kai za ka manna. Sun fi kyau nesa ba kusa ba, sun kuma fi saurin karyewa.

Na uku na rezin ne, wato wata irin roba da ake zubawa ruwa-ruwa ta daskare, irin na Westerfield da Funaro & Camerlengo. Ana zuba su kaɗan-kaɗan a mazubin roba mai laushi, wanda ba shi da tsada, shi ya sa ake samun taragun da manyan kamfanoni ba za su taɓa yi ba. Sau da yawa babu fenti, babu tayoyi, babu ƙugiya. Kada ka fara da su.

Yawan sassa ba shi ne daidaito ba. Ana samun kit mai sauƙi wanda awonsa ya dace da taragon gaske, ana kuma samun mai sassa ɗari da aka yi wa fentin kamfanin da bai dace ba.

Mataki na 6: Buɗe kwali da binciken sassa

Ka tanadi wuƙa mai sabon kaifi, ɗan yankan waya mai shafaffen baki, matsefata, ƙaramin magagari, samfefa mai laushi, ƙananan sukundireba, rula ta ƙarfe, sikelin da ke auna giram, da guntun gilashi shafaffe. Ka yi aiki a kan faranti mai baki, don ƙaramin sashe in ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, sai wani ikon Allah.

Ka ƙirga sassa da takardar bayani kafin ka yanke komai. Ɗora ƙasan tarago a kan gilashin: in yana rawa, ya lanƙwashe. Na rezin yana miƙewa idan aka tsoma shi a ruwan zafi aka danne shi a kan gilashi har ya huce. Farantin ƙarfen nauyi da ke zuwa da tsofaffin kit yakan zo a ɗan tanƙware, kuma shi ke jan ƙasan tarago ya karkatar da ƙugiya. Ka miƙe shi, ka kankare tsatsa, ka shafa masa fenti. Ka duba ɓawon roba da ya tsatso ta bakin mazubi, da 'yan ramukan da roba ke yi in ta huce a wuri mai kauri. Ɓawo yana kankaruwa. Rami a tsakiyar rubutu kuwa sai haƙuri.

Kayan da aka yi odarsu daga waje sukan sha zafi a hanya. Kada ka ƙara musu da barin kwali a cikin mota da rana.

Mataki na 7: Haɗawa

Kada ka murɗe sashe daga reshensa. Ka yanke shi da ɗan saura, ka goge sauran da magagari. Kowane sashe ka gwada shi a wurinsa ba tare da gam ba tukuna. Roba da roba, ruwan gam mai narkar da roba ake sa wa: ka haɗa sassan, ka taɓa bakin haɗin da ɗan burushi daga ciki, ruwan zai bi da kansa. Idan yatsanka na kan haɗin, zai bi ta ƙarƙashinsa ya bar maka zanen yatsa a bango har abada. Wannan gam ba ya kama fenti, sai ka kankare wurin. Rezin da ƙarfe kuwa sai sufa gulu, ɗigo kaɗan a bakin allura, kuma rezin sai an wanke shi da sabulun wanke-wanke an bar shi ya bushe. In za ka goge rezin, ka jiƙa samfefar don kada ka shaƙi ƙurar.

Ka fara da ƙasa: kayan birki, akwatin ƙugiya, nauyi. Ka lura da gefen da silindar birki ke kallo, domin tana nuna ƙarshen da sitiyarin birkin hannu yake. A wasu tsofaffin kit an zuba kayan birkin a juye, dama ta koma hagu; hoto ko zanen gaske ne zai nuna maka. Sassa masu rauni, su matakin kusurwa da sitiyarin birki, su ne na ƙarshe.

Idan kana son ka ɗaga darajar kit mai sauƙi, abin da ya fi canza kamanninsa shi ne mariƙai. Ka fere waɗanda aka zuba a bango da wuƙa mai baki kamar kurfi, ka huda da ɗan bakin huji mai lamba 79 ko 80, ka sa na waya mai kaurin inci 0.012. Bakin hujin nan bai kai rabin milimita ba, da hannu ake murza shi, kuma yana karyewa in an matsa. Ka sayi fiye da ɗaya. Ka sa guntun kati a ƙarƙashin kowane mariƙi kafin gam, don tazararsu da bango ta zo ɗaya. Amma ka yi tunani kafin ka fara: fere bangon da aka riga aka yi wa fenti na nufin sai ka nemo launin da ya dace. A taragon da zai riƙa wucewa cikin jerin talatin, ban ga ribar wahalar ba.

Mataki na 8: Tayoyi da bogi

Ƙungiyar NMRA, wadda aka kafa a Milwaukee a 1935, ita ta tsara ƙa'idojin da suka sa kayan kamfanoni daban-daban ke aiki tare. Tana sayar da wani ɗan farantin ƙarfe na awo. Ka mallake shi. Kowace taya biyu da ke kan gatari ɗaya ka saka su a tsagoginsa: leɓunan tayoyin su faɗa ciki ba tare da tilas ba. In sun matse ko sun buɗe, taragon zai riƙa tsalle a mararrabar dogo. Yawanci ana iya murɗa taya ɗaya a kan gatarin a hankali har ta zauna daidai. Ka kuma juya ta ka gani ko tana layi.

Girman taya ma daidaito ne. Masu tan 50 da 70 inci 33 suke amfani da shi, kimanin milimita 9.6 a HO. Masu tan 100, inci 36, kimanin milimita 10.5. Sa wadda ba ta dace ba yana canza tsayin ƙugiya. Tayar ƙarfe ta fi ta roba: ba ta tara datti sosai, tana sauke nauyi ƙasa. Sai dai tsawon gatari ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka auna tsohon kafin ka sayi sabo. Akwai masu faɗin inci 0.110 da sirara masu 0.088. Siraran sun fi kama da gaske, amma suna iya faɗawa cikin giɓin mararraba idan dogonka ba mai kyau ba ne.

In bogi ba ya gudu, akwai ɗan abin fere rami da ake sakawa a madadin gatari a murza, ya share ramin da bakin gatarin ke zama. Kada ka sa mai. Mai da ƙurar hunturu in suka haɗu, sun zama laka. Garin bakin fensir ya isa.

Wajen ɗaure bogi, kada ka ɗaure su daidai wa daida. Ɗaya ka matse shi har ya zama juyawa kawai yake yi, ɗayan ka sassauta shi kaɗan ya iya rangaji gefe da gefe. Tarago zai zauna kamar tukunya a kan murhu mai duwatsu uku: ba ya girgiza, kuma yana bin dogon da bai miƙe sosai ba. Idan bogin da ɗan turken roba aka riƙe shi, ka maye shi da sukuru mai lamba 2-56. Bakin huji mai lamba 50 ake fara hudawa da shi kafin a yanka zare.

Mataki na 9: Ƙugiya

Tsofaffin kit suna zuwa da ƙugiyar roba mai ƙaho, wadda ba ta kama da komai a jirgin gaske kuma tana tura tarago gefe in ana ja da baya. Ka cire ta. Abin da aka fi yarda da shi shi ne ƙugiyar ƙarfe ta kamfanin Kadee: mai lamba 5 ita ce ta gama-gari, mai lamba 58 kanta ya fi ƙanƙanta, ya fi kusa da awon gaske.

Tsayinta shi ne komai. A jirgin gaske tsakiyar ƙugiya tana inci 34 da rabi daga saman dogo. A HO inci 25/64 ne, kusan milimita 10. Kadee na sayar da ma'aunin da ake ɗorawa a kan dogo. Ka tura taragon ya sumbace shi, ka duba daga gefe, idonka daidai da dogo. In ƙugiyar ta yi ƙasa, ka sa washa tsakanin bogi da gangar jiki: ja mai kaurin inci 0.015, toka-toka mai 0.010. In ta yi sama, ka sauke akwatin ƙugiyar da ɗan siririn faifai, ko ka sayi ƙugiya mai kai a ƙasa. In kuwa tana lanƙwasowa ne don akwatin ya yi mata yawa, washa ba za ta yi magani ba. Cikin akwatin za ka cike. Wayar nan mai lanƙwasa da ke rataye a ƙarƙashin ƙugiya, wadda maganaɗisu ke ja don a raba taragu, ta tsaya inci 1/32 sama da dogo. In ta fi haka sauka, za ta harɗe a mararraba ta kifar da jirgi.

Murfin akwatin ƙugiya na ƙarfe mai maƙalewa, irin na tsofaffin kit, yakan fice idan jirgi ya yi tsawo. Sukuru ya fi shi.

Mataki na 10: Nauyi

Shawarar NMRA mai lamba RP-20.1 ga HO ita ce oza 1, a ƙara rabin oza ga kowane inci na tsawon tarago. Da giram, 28 ke nan a ƙara kimanin 5.6 ga kowace santimita. Tarago mai ƙafa 40, wanda tsawonsa ya kusa inci 6, zai nemi oza 4, giram 113 ko ƙasa kaɗan. Mai ƙafa 50, oza 4 da rabi. Yawancin kit suna zuwa ƙasa da haka. Masu bin ƙa'idar Turai sun fi sassauta nauyi, kuma jiragensu na tafiya. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne taragunka su yi kusa da juna. Mara nauyi a tsakanin masu nauyi, shi ake fizgewa daga dogo a kan kwana.

Ka ɗora dukkan sassa a kan sikeli tun kafin ka rufe rufi. Ƙananan nauyin nan masu gam a baya, na giram 5 da 10, da masu daidaita tayar mota ke mannawa a jikin rim, sun dace sosai. Ka manna su ƙasa-ƙasa, a tsakiyar faɗi, rabi a kan kowane bogi. In dalma ce, ka wanke hannu, ka kuma nisanta ta da yara. In kana da maganaɗisun raba taragu a ƙarƙashin dogo, ka sani yana jan baƙin ƙarfe, har tarago ya riƙa matsowa da kansa. Tarago mara bango da na kwal in babu kaya sun fi wuyar ɓoye nauyi. Tayoyin ƙarfe da siraran faifan dalma tsakanin ƙashin ƙasa su ne mafita, ko ka yi masa lodi mai nauyi.

Mataki na 11: Gwaji a kan dogo

Ka ɗora dogo mai tsawon mita ɗaya a kan katako, ka ɗaga gefe ɗaya santimita 2. Taragon kirki zai gangara da kansa. Wanda ya tsaya, ka koma kan bogi. Daga nan ka tura shi da yatsa ta kwana mafi matsi da kake da ita, ka saurara: ƙarar gogayya na nufin taya na taɓa ƙasan tarago, ko bogi na karo da matakin kusurwa ko bututun birki. Sai ka sa shi a tsakiyar jirgi, a ja shi gaba, a tura shi baya ta mararraba, sannan ka juya shi ƙarshe ya koma farko a maimaita. Turawa baya ita ce jarrabawar gaske. In ya goce a wuri ɗaya kullum kuma sauran taragu na wucewa, laifinsa ne; in kowa na gocewa a wurin, dogon za ka gyara.

Fenti da rubutun mannawa suna zuwa ne bayan ya ci wannan jarrabawar. Rubutun mannawa yana son wuri mai sheƙi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashinsa ya yi fari-fari. Ka shafa ruwan laushi irin Micro Sol ya kwanta a kan tudu da kan ƙusa, kada ka taɓa shi yayin da ya yamutse, zai miƙe da kansa. Bayan ya bushe ka fesa abin kashe sheƙi. Ka cire tayoyi da ƙugiya kafin feshi, ko ka rufe su. Tayoyin ka shafa wa fuskarsu launin tsatsa da ɗan burushi, ka bar inda ke taka dogo da bakin gatari babu fenti. A ƙarƙashin taragon ka manna 'yar takarda mai nauyinsa da girman tayarsa da adadin washar da ka sa, don ranar da ya fara gocewa ka san inda za ka soma dubawa.